Lissafin Wuta a Rumfar Kawu

A Dogon Daji ta ƙuruciyarmu ba a zubar da batir don kawai ya daina aiki. Da zarar muryar rediyo ta fara shaƙewa, ko hasken tocila ya koma ja, sai a ciro batura a jera su a kan katanga ko bisa rufin kwano, rana ta gasa su tun hantsi har la'asar. Da magariba a mayar da su, kuma su yi aiki: a samu a ji labarun BBC ko na Muryar Jamus, a taɓa sauraron Rima Rediyo, kafin murya ta sake dusashewa. Kowa ya san dabarar tana ci. Amma mutum ɗaya na sani a garin da zai iya gaya maka dalilin cinta, shi ne ƙanen mahaifiyata, mai gyaran rediyo a wata 'yar rumfa kusa da babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta biyo ta Boɗinga da Shagari, ta ratsa mu ta nufi Tambuwal da Jega.

Na fara zama a rumfarsa lokacin hutun makaranta a 1991, shekarar da aka yanki Jihar Kebbi daga Sakkwato. Aikina hura gawayi. Rumfar ba ta da lantarki, don haka ƙarfen da yake narka dalma da shi a kasko ake gasa shi, kuma sai zafin ya zo daidai: in ya gaza dalma ba ta kamawa, in ya wuce ya ƙona taranzista. Ranar kasuwa mutane kan zo daga ƙauyukan Tambuwal, har da na ƙasar Kebbe, kowa da rediyonsa naɗe cikin tsumma ko rataye a kafaɗa. Kawu bai yi boko mai nisa ba. Karatun allo ya yi, ya koyi sana'a wajen wani maigida a Sakkwato, kuma da alƙaluman Larabci yake rubuta lissafinsa a bayan kwalin sukari. Mafi daraja cikin kayansa ita ce wata mita mai allura da yake ajiyewa cikin jakar fata, ba mai taɓa ta sai da izininsa.

Da wannan mita ya fara karantar da ni. Ya ɗauko sabon batir ya ɗora masa wayoyinta biyu, allura ta tsaya a bolt ɗaya da rabi. Ya ɗauko tsoho, wanda mai shi ya ce ya mutu, allura ta tsaya a 1.4.

"To ɗan ga, mi kag gani?"

"Kawu, ai kusan ɗaya na."

"To mi yas sa wanga ba ya kunna tocila?"

Na yi shiru. Sai ya bar wayoyin mita a jikin tsohon batir, ya haɗa masa ƙwan tocila. Nan take allura ta faɗo ƙasa da bolt ɗaya. Ya maimaita da sabon, allura ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya. Ya ce turin yana nan a jikin tsohon, hanyar fita ce ta cushe daga ciki. Muddin ba a nemi komai wajensa ba zai nuna maka ƙarfi, amma da an ɗora masa kaya sai yawancin turin ya ƙare wajen ratsa cikinsa. Zafin rana kuwa yana motsa sinadaran da ke ciki, ya ɗan buɗe hanyar na wani lokaci. Har yau wannan ne abu na farko da nake koya wa yaran da ke bina aiki: ba a auna batir sai da kaya a kansa.

Da yake mutanenmu manoman fadama ne, da injin ban ruwa yake ba da misali. Ƙarfin da inji ke tura ruwa da shi, shi ne bolt. Yawan ruwan da ke wucewa cikin tiyo, shi ne amfiya. Ƙuncin tiyon da tsawonsa, masu hana ruwa gudu, su ne turjiya, wadda ake aunawa da om. Yawan aikin da ake samu kuwa, shi ne wat. Daga nan lissafin gaba ɗaya bai wuce layi biyu ba. A raba bolt da amfiya, om ke nan. Bolt sau amfiya, wat ke nan. Wanda ya riƙe biyun nan, in aka ba shi lamba biyu zai fitar da sauran.

A gindin ƙwan tocila akwai wasu 'yan lambobi da ba kowa ke lura da su ba: 2.5 da 0.3. Wato bolt biyu da rabi, da amfiya 0.3. Raba na farko da na biyu, turjiyar ƙwan om 8 ce da 'yan kai. Ninka su kuma, sai ka ga duk hasken da muke ratsa duhun lungu da shi bai cika wat ɗaya ba, 0.75 ne. Na tambaye shi, batir biyu ai bolt uku ne, don me aka rubuta biyu da rabi? Ya ce rabin bolt ɗin cikin batura yake ƙarewa, masu ƙera ƙwan sun san da haka. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne da muka auna ƙwan yana a kashe, mita ta nuna om ɗaya ko kusa da haka. Ina sauran bakwai ɗin? Ashe zaren ƙarfen da ke ciki turjiyarsa ƙaruwa take yi da zafi. Haka ƙwan ɗaki mai wat 60 a bolt 240: rubu'in amfiya yake ja, turjiyarsa om 960 ce idan yana ci, amma da sanyinsa ba ta wuce 70 ba. Saboda haka a ƙiftawar idon da aka kunna shi wuta mai yawa take afka masa, shi ya sa ƙwai galibi lokacin kunnawa yake mutuwa.

A 1994 lissafin ya fita daga rumfa ya shiga hidimar unguwa. Shekarar ce Najeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya, ta kuma je gasar duniya a Amurka karo na farko. Wani maƙwabcinmu yana da ƙaramar talabijin mai baƙi da fari da ke aiki da batirin mota, eriyarta ɗaure a kan doguwar gora tana fuskantar Sakkwato. Damuwarsa ɗaya ce: batirin zai kai wasa nawa kafin a kai shi caji? Kawu ya juya akwatin, ya ce in karanta abin da ke baya. Bolt 12, wat 18. Raba 18 da 12, amfiya ɗaya da rabi take ja. A jikin batir an rubuta 60, ma'ana zai iya ba da amfiya ɗaya na awa sittin. A takarda dai awa arba'in ke nan. Kawu ya ce a ɗauki rabi kawai, domin batirin mota ba a yi shi don a tatse shi ƙarƙaf ba, in ana yi masa haka ba ya daɗewa. Awa ashirin, wasa goma ke nan a taƙaice. Sai wani ya kawo shawarar a haɗa ƙwan fitilar mota mai wat 60 don haska tsakar gida. Muka buga: 60 a raba da 12, amfiya biyar. Ƙwai guda ya ninka talabijin sau uku da ɗoriya wajen ci, in aka haɗa su batir ba zai kai awa biyar ba. Aka haƙura da shi aka kunna fitilar ƙwai, kuma a haskenta muka ga Rashidi Yekini ya zura wa Bulgeriya ƙwallon farko cikin dare.

A wurin masu cajin batirin nan ne na ga wani abin da ya zauna mini a rai. Wani yaron kanikanci ya saki sifana ta faɗa a kan kawunan batir biyu. Tartsatsi ya tashi, kafin a ture ta da sanda ta fara yin ja. Alhali batirin nan kullum muna kama kawunansa biyu da hannu ba ma jin komai. Bolt 12 ɗin bai canza ba, hanyar ce ta bambanta. Busasshiyar fatar mutum turjiyarta dubban om ce, don haka abin da ke ratsa ta bai kai a ji ba. Sifana kuwa turjiyarta ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na om ba, sai ɗaruruwan amfiya suka sami ƙofa. In ka juya lissafin zuwa wutar gida sai gabanka ya faɗi. Mutum ya idar da alwala, hannu da ƙafa a jiƙe, ba takalmi, turjiyar jikinsa na iya saukowa zuwa om dubu ɗaya. Raba 240 da dubu, amfiya 0.24 ke nan, alhali daga 0.03 an riga an shiga haɗari in ta bi ta ƙirji. Mutanenmu bolt suke tambaya, shi suke tsoro. Abin da ke ƙona waya, yake kuma tsayar da zuciya, shi ne yawan wutar da ta sami hanyar wucewa, turjiya ce kuma ke ƙayyade shi.

Da na shiga babbar sakandare, malamin Fizis ya rubuta V = IR da P = IV a allo, na gane su nan take, su ne na bayan kwalin sukari sun sa tufafin boko. Lokacin tsarin karatu na 6-3-3-4 ne, wanda aka shigo da shi don yara su koyi aikin hannu. An sayo kayan koyon fasaha daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa na ƙasar nan cikin akwatunansu suka tsufa, saboda rashin lantarki ko rashin wanda ya san kansu. Yawancin abokan karatuna haddace haruffan suka yi don jarrabawar WAEC, suka zana layin da ake nema a takardar gwaji, suka manta. Ba laifinsu ba ne. An ba su lissafin cikin harshen da ba da shi suke tunani ba, ba a kuma taɓa ce musu su juya dutsen gugar gidansu su karanta lambar da ke gindinsa ba. Abin na ba ni takaici har yanzu, domin ilimi ne da za a iya bayyana shi da Hausa cikin yini guda, kuma mai shayi da tela da mai sayar da ƙanƙara duk suna bukatarsa.

A nan na fara jin labarin mai dokar. Georg Simon Ohm Bajamushe ne, ɗan maƙerin makullai, malamin makaranta a birnin Kolon. Baturan zamaninsa ba sa tsayawa a ƙarfi ɗaya, matsalar da muka sani sarai a rumfa, don haka ya koma samar da wuta ta hanyar haɗa ƙarafa biyu mabambanta, ya sa mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa ɗaya a ƙanƙara. Ya riƙa gwada wayoyi masu tsawo da kauri daban-daban har ya fitar da ƙa'idar, ya buga ta a littafi a 1827. Manyan masana na ƙasarsa ba su karɓe ta da hannu biyu ba, ya ajiye aikinsa ya yi shekaru cikin ƙunci. Sai a 1841 ƙungiyar masana ta Ingila ta ba shi lambar girmamawa ta Copley. Da na ba Kawu labarin, abin da ya fi jan hankalinsa shi ne sana'ar uban. Ya ce, "Ɗan maƙeri na, dole shi san ƙarhe."

A daidai wannan lokaci wani Bature a kusa da Manchesta, James Joule, ya auna zafin da waya ke fitarwa idan wuta na bin ta, ya gano cewa amfiya sau amfiya sau om ne. Wannan shi ne layi na uku, kuma a ganina ya fi sauran muhimmanci ga mai aikin waya. In amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. In ta ninka goma, zafi ya ninka ɗari. Duk tsarin da ke kawo mana wuta a kan wannan aka gina shi. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 a kan kogin Kwara bayan an tashi mutanen tsohuwar Bussa da ƙauyuka da dama na ƙasar Yawuri, injinanta takwas an tsara su su ba da megawat 760. Daga can zuwa Birnin Kebbi tafiyar fiye da kilomita 300 ce. Da za a turo wutar a ƙaramin bolt, sai amfiya ta yi yawan da za ta ƙare wajen dumama waya a daji. Don haka ake ɗaga ta zuwa bolt 330,000, amfiya ta ragu, asara ta ragu ninkin ba ninki. A Birnin Kebbi a sauko da ita zuwa 132,000, wani layi ya nufi Sakkwato, wani ya tsallaka iyaka zuwa Yamai. Daga nan a sake saukowa zuwa 33,000 a layukan da ke ratsa garuruwa irin namu, sannan taransifomar unguwa ta mayar da ita abin da soket ke ɗauka, wanda a da ake rubuta 240, yanzu 230. Duk lokacin da na bi hanyar Jega na hangi manyan turakun ƙarfen nan, lissafin Joule nake gani a tsaye.

Amma fa daga taransifoma zuwa gida ba sauran wannan gata. Bolt ƙarami ne, waya siririya ce, gari kuma faɗaɗa yake yi. Da layin wuta ya iso unguwarmu mun ga haka da idonmu. Gidajen da ke gindin taransifoma haskensu fari tas, na ƙarshen layi kuwa da magariba, lokacin da kowa ya kunna nasa, ƙwansu ja yake yi, mita ta nuna 160 ko 170. Kowace falwaya da aka ƙara, kowane gida da aka jona, wani ɓangare na turin ya tafi a hanya. Mutane kan ɗauka in bolt ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, aiki ma haka zai ragu. Ba haka ba ne. Ɗauki hitar dafa ruwa mai wat 1,000. A bolt 240 tana jan amfiya huɗu da 'yan kai, turjiyarta wajen om 58. A bolt 160 amfiya 2.8 za ta ja, wat ɗinta ya koma kimanin 440. Turi ya ragu, gudu ma ya ragu, sai asarar ta haɗu biyu, ruwan da kan tafasa cikin minti goma ya ci fiye da ashirin.

Hita dai jinkiri kawai za ta yi. Abin tausayi shi ne mai inji a ciki, irin firij da famfon burtsatse. Shi inji nauyin da ke kansa bai ragu ba, don haka in bolt ya gaza sai ya rama da jan amfiya. In ya saba jan huɗu ya koma shida, zafin da ke cikin naɗin wayarsa ya tashi daga 16 zuwa 36, fiye da ninki biyu. Haka masu sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi suka yi ta asarar firij da azumi, daidai lokacin da suke sa ran ciniki, suna mamakin yadda wutar da ba ta da ƙarfi take ƙona kaya. Masu hali suka sayi sitabilaiza, na'urar daidaita bolt. Tana taimakon mai ita, amma ba ta ƙirƙirar wat ko ɗaya. Don ta ba shi wat 1,000 daga layin da ke bolt 160, sai ta ja amfiya shida da rubu'i a maimakon huɗu, wannan ƙarin jan kuma ya ƙara kassara wutar maƙwabta. Na sha bayyana wa mutane haka, ba don su jefar da ita ba, sai don unguwa ta gane cewa maganin na haɗin kai ne: a raba kaya daidai a kan layuka uku na taransifoma, a sa waya mai kauri, a nemi ƙarin taransifoma in gidaje sun yi yawa.

Abin da Kawu ba ya yafewa shi ne wasa da fiyus. Fulogin da muke amfani da shi mai ƙafa uku, irin na Ingila, fiyus ɗinsa mafi girma amfiya 13 ne, wato kaya na wat dubu uku ko ɗan fiye. Mutum zai jona hita da dutsen guga da risho na lantarki a soket ɗin ja guda, wat 3,500 ke nan, amfiya kusan goma sha biyar, a kan wayar da ko goma ba za ta ɗauka ba. In fiyus ya tsinke, maimakon a rage kaya sai a ɗaure wurin da waya mai kauri ko takardar azurfa ta kwalin sigari. An cire mai gadi ke nan, an bar wayar da ke cikin silin ta zama ita ce za ta narke. Haka mahaɗar da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda. In ta saki ko ta yi tsatsa har turjiyarta ta kai rabin om, amfiya goma na wucewa, goma sau goma sau rabi, wat 50 na zafi ke taruwa a wurin da bai kai faɗin farce ba. Ga katako, ga zana, ga iskar hunturu. Duk shekara muna jin gobara a kasuwanni da gidaje a ce daga wayar lantarki ta tashi, mu ce ƙaddara ce, mu yi jaje. Ƙaddara gaskiya ce, amma an umarce mu da riƙon sababi, sababin nan kuwa lissafi ne da ɗan aji shida zai iya.

Kawu ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa da rahama, sana'ar gyaran rediyo ma ta ja baya. Wayar salula ta GSM ta shigo ƙasar a 2001, bayan wasu shekaru ta game karkara, rumfunan cajin waya suka maye gurbin masu cajin batirin mota. Su ma lissafinsu ɗaya ne: caja mai bolt 5 da amfiya 2 wat goma ce, waya hamsin wat 500, ƙaramin janareto mai wat 650 ya kusa cika, in aka ƙara masa firij ya durƙusa. Ƙwan zamani mai wat 9 yana ba da hasken da na da mai wat 60 ke bayarwa, wannan kuwa babbar rahama ce ga talaka. Sai kuma sola. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun shekarun 1980 take aiki a kan hasken rana, lokacin da abin ke kama da almara. Yau farantan sola na kan rufin masallatai da shaguna da gidaje daga Dogon Daji har Kebbe, kuma ina murna da haka ƙwarai, domin rana ce dukiyar da Allah Ya wadata ƙasarmu da ita.

Sai dai a nan ne tsorona ya fi yawa. Samari da dama sun shiga aikin haɗa sola da ƙwazo, amma an gaya musu bolt 12 ba ya kisa, sai suka sake jiki. Kwanan baya an kira ni wani shago inda inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, ke ta kuka tana yankewa, ana kuma jin warin roba. Kayan shagon wat 600 ne. A gefen bolt 240, amfiya biyu da rabi ke nan, kowace waya za ta ɗauka. Amma a gefen batir, 600 a raba da 12, amfiya hamsin ce, ko fiye in an lissafa abin da inbata ke ci. Yaron da ya yi aikin ya ja wayar gida mai kaurin 1.5 daga batir zuwa inbata, mita biyar zuwa, biyar dawowa. Turjiyar wannan tsawon om 0.12 ce kawai, lambar da ido zai raina. A amfiya biyu da rabi, zafin da za ta yi bai kai wat ɗaya ba. A amfiya hamsin kuwa, hamsin sau hamsin sau 0.12, wat 300 ke nan, rabin abin da shagon ke nema, duk yana tafiya wajen dafa robar waya, rabin bolt ɗin batir kuma ya salwanta kafin ya isa.

Na kira yaron gefe, don ba a gyara wa mai sana'a a gaban mai kaya.

"Ɗana, amfiya nawa ke bin wayar ga?"

"Baba, ai sha biyu ce kawai."

"Wancan bolt na. Ɗauko wayarka ka raba ɗari shida da sha biyu."

Ya buga, ya dubi lambar, ya dubi wayar da ta yi laushi. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ba wanda ya taɓa nuna masa ne. Muka matso da batir kusa da inbata, muka sa gajeriyar waya mai kauri, muka sa fiyus a bakin batir. Na kuma nuna masa dalilin da ya sa manyan haɗi suke amfani da bolt 24 ko 48: dalilin Kainji ne dai aka ƙanƙanta. A bolt 48, wat 600 amfiya goma sha biyu da rabi ce, zafin waya ya ragu sau goma sha shida.

Da za mu rabu ya tambaye ni yadda ake gane wayar kirki, domin kasuwa ta cika da wadda ake shafa wa alminiyam ruwan jan ƙarfe, da wadda aka rage wa kauri aka bar lambar. Na ce ya kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki ya san abin da ya riƙa. In kuma yana son shaidar da mai shago ba zai musa ba, ya tafi da mitarsa. Ya fara haɗa wayoyin mitar guda biyu da juna ya ga abin da suka nuna, don ya cire shi daga lissafi. Sannan ya kama bakin naɗin nan biyu ya auna. Naɗi mai tsawon mita 100 na waya mai kaurin 1.5, in jan ƙarfe ne na gaskiya, om 1.2 zai nuna ko kusa da haka. In ya ga lamba ta doshi 2, ya mayar wa mai shago kayansa.